Manomin da Ya Ƙi Zama Abin Kallo: Patrick Kavanagh Tsakanin Ƙauye da Birni

A ƙarshen shekarar 1931 wani saurayi ɗan shekara 27 ya taka sayyada daga ƙauyensu Inniskeen, a lardin Monaghan, har birnin Dublin, yana sanye da tufafinsa na gona. Akwai tashar jirgin ƙasa a ƙauyen, amma ya zaɓi tafiyar ƙasa. Wurin George Russell ya nufa, tsohon editan mujallar Irish Statesman wanda ya buga masa wasu daga cikin waƙoƙinsa na farko-farko. Russell ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sallame shi da tarin littattafai, har da na Dostoevsky da Victor Hugo da Walt Whitman. An saba ba da wannan labari don nuna ƙwazon Patrick Kavanagh. A ganina akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Saurayin ya san irin baƙauyen da masanan birni ke marmarin gani, sai ya je musu a siffarsa. Sauran rayuwarsa ta rubutu kuwa ƙoƙarin tuɓe wannan riga ce, kuma bai taɓa tuɓe ta gaba ɗaya ba.

Sai an san adabin da ya tarar kafin a gane rigimar. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wasu marubuta, W. B. Yeats da Lady Gregory da J. M. Synge, suka ɗaura ɗamarar gina adabin ƙasar Ayilan wanda ba zai zama 'yar amshin shatan Ingila ba. Suka kafa gidan wasan kwaikwayo na Abbey a 1904, shekarar da aka haifi Kavanagh. Ginshiƙin aikinsu shi ne manomin karkara: mai tsarkin zuciya, mai zaƙin baki, ma'ajin tatsuniyoyin kaka da kakanni. Aikinsu ya yi kyau, Yeats har ya samu kyautar Nobel a 1923. Sai dai su ukun 'ya'yan gidajen Furotesta ne masu hali, ba wanda ya taɓa kwana da fargabar lalacewar dankali. Kavanagh kuwa ɗan baduku ne mai 'yar gona, na huɗu cikin 'ya'ya goma, ya bar makaranta yana wajen shekara 13, ya koyi ɗinkin takalmi bai yi nisa ba, ya koma bin garma. Abin da su Yeats ke hange daga nesa shi ne abin da ke maƙale masa a farce.

Littattafansa biyu na farko sun nuna yadda tarkon ya kama shi. Diwaninsa na 1936, Ploughman and Other Poems, sunansa ma ya tallata shi a matsayin mai huɗa. The Green Fool na 1938, labarin ƙuruciyarsa da ya gauraya da ƙirƙira, littafi ne mai daɗin karatu, amma daga baya shi da kansa ya yi tir da shi, ya ce wasan baƙauye ne da aka shirya don 'yan kallo. Littafin ya kuma jawo masa tsiya: likita kuma marubuci Oliver St John Gogarty ya kai ƙara kan wata jimla da ta shafi macen da ta buɗe wa Kavanagh ƙofar gidansa, kotu ta ba shi fam 100, aka janye littafin daga kasuwa.

A 1939 ya koma Dublin da zama, a 1942 kuma ya fitar da The Great Hunger, doguwar waƙar da ni nake ɗauka ita ce tsakiyar aikinsa. Sunan, wato Babbar Yunwa, shi ne wanda 'yan ƙasar ke kiran bala'in 1845 zuwa 1852, lokacin da cutar dankali ta halaka kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi hijira. Kavanagh ya ari sunan ya ɗora wa wata yunwa dabam. Bayan wancan bala'i manoma sun daina rarraba gona tsakanin 'ya'ya; ɗa guda ke gada, shi ma ba ya aure sai tsofaffi sun sakar masa gida, sauran ko su tsallaka teku ko su tsufa a gwauranci. Patrick Maguire, tauraron waƙar, irin wannan magaji ne. Ana fara ganinsa ne a watan Oktoba, a duƙe tare da 'yan ƙodagonsa suna tonon dankali a gangaren tudu, laka ta yi musu kaca-kaca. Kullum yana ce wa ransa baɗi zai yi aure. Uwarsa na riƙe da ragamar gida, limamin coci na riƙe da zuciyarsa, gona na cinye ƙarfinsa. Da tsohuwar ta rasu tana da shekara 91, shi yana da 65. Waƙar ba ta ɓoye yadda gwauron ke kashe ƙishirwar jikinsa shi kaɗai a bakin murhu ba, kuma wannan ne ya sa 'yan sanda suka je gidan marubucin da tambayoyi bayan wani ɓangarenta ya fito a mujallar Horizon ta Landan.

Shekara guda bayan haka, ranar bikin Waliyyi Patrick ta 1943, shugaban gwamnati Éamon de Valera ya yi jawabinsa na rediyo da ya shahara, inda ya zana ƙasar da yake mafarki: karkara mai wadatar zuci, gidaje masu ɗumi, samari majiya ƙarfi, 'yan mata cikin walwala. Duk wanda ya jera jawabin da waƙar zai ga ƙasa ɗaya aka siffanta sau biyu, kuma yawan matasan da ke barin karkarar a shekarun da suka biyo baya ya nuna wanda ya fi kusa da gaskiya.

A nan ne nake saɓa wa Kavanagh kansa. Da ya manyanta ya juya wa waƙar baya, ya ce ta cika kuka, ba ta da raha da sakin jikin da waƙar ƙwarai ke bukata. Ya fifita ƙagaggen labarinsa Tarry Flynn na 1948, wanda hukumar tace littattafai ta haramta na ɗan lokaci. Labarin wani matashin manomi ne a lardin Cavan a shekarun 1930, mai son karatu da mata, wanda uwarsa ke yi wa faɗa dare da rana, maƙwabta na jayayya da shi kan fili, har ya bi wani kawunsa ya bar ƙauyen. Littafi ne mai ban dariya da tausayi, kuma maganar mutanensa maganar masu rai ce. Amma Tarry yana iya dariya ne domin yana da ƙofar fita. Maguire shi ne Tarry da bai tafi ba. Wanda bai karanta waƙar ba zai ɗauki labarin a matsayin nishaɗin karkara, wato ainihin abin da marubucin ke gudu.

A 1952, da kuɗin ƙanensa Peter, ya fito da jaridar Kavanagh's Weekly, wadda ta mutu bayan fitowa 13. A cikinta ya bambanta mutum iri biyu. Akwai mai leƙen birni, wanda ba ya yarda da abin da idonsa ya gani sai ya ji abin da manyan gari suka ce. Akwai kuma ɗan unguwa mai tutiya da unguwarsu, wanda ba ya shakkar cewa abin da ke faruwa a ƙofar gidansu ya isa a yi masa waƙa. Gajeriyar waƙarsa Epic ta tsaya a kan wannan: ta ɗora rikicin iyakar gona tsakanin gidaje biyu a ma'auni ɗaya da rikicin Munich na 1938, sannan ta kira Homer ya ba da shaida cewa daga irin wannan ƙaramar husuma ya gina Iliad. Wannan ra'ayi ne mawaƙi Seamus Heaney, ɗan manomi daga lardin Derry, ya sha faɗin cewa ya ba shi izinin yin waƙa kan gonar ubansa.

Sai dai mai wa'azin bai bi wa'azinsa ba. Shekara goma sha biyar ya yi a Dublin yana aikin jarida na ci-da-ƙarfi, yana bashi, yana zagin marubutan da bai daina jiran yabonsu ba, mashaya ta zama ofishinsa. Da mujallar The Leader ta yi masa shaguɓe a 1952, sai ya garzaya kotu, shi da ƙarar ɓata suna ta taɓa kashe wa littafi. A shari'ar 1954 lauyan mujallar, John A. Costello, tsohon shugaban gwamnati, ya yi kwanaki yana yi masa tambayoyin ƙure. Kavanagh ya musanta cewa ya taɓa abota da marubuci Brendan Behan. Costello ya zaro kwafin Tarry Flynn wanda Kavanagh ya rubuta wa Behan sadaukarwa da hannunsa, ranar da Behan ya yi masa fentin ɗaki. Ya faɗi shari'ar. A 1955 aka cire masa huhu ɗaya saboda ciwon daji.

Jinyar da ya yi a bakin babban magudanar ruwa ta Dublin, Grand Canal, ita ya riƙa kira haihuwarsa ta biyu. Waƙoƙin wannan lokaci, da suka fito a Come Dance with Kitty Stobling a 1960, na mutum ne da ya daina neman a tafa masa: ruwa mai kore, ciyawa, kwale-kwalen kaya, benci. Masu nazari kan ce ya koma ga natsuwar ƙuruciyarsa ta Monaghan. Ni ina ganin a karon farko ne ya ɗauki wani lungu na Dublin a matsayin unguwarsa, ya dube shi kamar yadda yake duban tudun Shancoduff na ƙauyensu, ba tare da tambayar ko ya isa ba. Costello ɗin nan, da ya sake hawa mulki, yana cikin waɗanda suka taimaka aka ba shi aikin gabatar da laccoci a Kwalejin Jami'a ta Dublin.

Ya auri Katherine Moloney a watan Afrilu na 1967. A kaka ta wannan shekara 'yan wasan Abbey suka kai Tarry Flynn dandali a Dundalk, garin da ke kusa da ƙauyensu. A wurin ciwo ya kama shi. Ya rasu a Dublin ranar 30 ga Nuwamba, aka mai da shi Inniskeen aka binne.