Pink Floyd: Tarihin ƙungiyar da sauyin jagora ya riƙa sauya kiɗanta

Pink Floyd ƙungiyar makaɗa da mawaƙa ce ta Birtaniya da aka kafa a birnin Landan a shekarar 1965. An ƙiyasta cewa ta sayar da faya-fayai sama da miliyan 250 a faɗin duniya.

Ana sanya ta a sahun gaba na wani reshen kiɗan rok da ake kira furogiresif, wanda ya bunƙasa a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960. Masu wannan salo sun ƙi bin al'adar gidajen rediyo ta taƙaita waƙa zuwa minti uku. Sukan ja kiɗa ɗaya har ya wuce minti 20, su gauraya shi da salon tsohon kiɗan Turai da na jaz, su kuma gina faifai sukutum a kan jigo guda.

Sai dai duk wanda ya saurari faifan farko na ƙungiyar, sannan ya saurari na ƙarshe, da wuya ya yarda cewa suna ɗaya ne a jikinsu. Mutum uku ne suka ja ragamarta a lokuta daban-daban, kowanne kuma ya kai ta wata fuska. Gardamar ko wane ne daga cikinsu ainihin Pink Floyd sai da ta kai gaban kotu.

Zamanin Syd Barrett

Uku daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban zanen gine-gine ne a wata kwalejin fasaha da ke titin Regent a Landan. Su ne Roger Waters mai jitar bas, da Nick Mason mai ganguna, da Richard Wright mai fiyano da ogan. Na huɗunsu, Syd Barrett, ɗalibin zane-zane ne, kuma abokin Waters tun suna yara a garin Kambirij.

Barrett ne ya raɗa wa ƙungiyar suna, inda ya haɗa sunayen wasu baƙaƙen fata biyu na Amurka masu kiɗan bulus, Pink Anderson da Floyd Council. Shi ne kuma ya rubuta akasarin waƙoƙin faifansu na farko, The Piper at the Gates of Dawn, wanda kamfanin EMI ya fitar a watan Agustan 1967.

Waƙoƙinsa gajeru ne, masu kama da tatsuniyoyin yara. Amma idan ƙungiyar ta hau dandamali a gidajen rawa na Landan, takan saki jiki ta yi ta kiɗa ba tare da wani tsari ba, ana haska fitilu masu launi iri-iri a kanta.

Wannan zamani bai daɗe ba. Barrett ya dulmuya cikin shan ƙwayar LSD mai sa maye da gane-gane, lafiyar ƙwaƙwalwarsa kuma ta tabarbare. Wani lokacin yakan tsaya ƙiƙam a gaban 'yan kallo da jita a hannu, ya kasa kaɗa komai.

Don haka aka ɗauko wani abokinsa, shi ma ɗan Kambirij, David Gilmour, domin ya riƙa taya shi. Wata rana a watan Janairun 1968, a kan hanyarsu ta zuwa wasa a Southampton, sauran suka yanke shawarar kada su biya su ɗauke shi. A watan Afrilu aka sanar da ficewarsa. Yana da shekara 22 a lokacin.

Laluben hanya

Rashin Barrett ya bar ƙungiyar ba ta da marubucin waƙa, har manajojinta na farko suka zaɓi su bi shi, domin a ganinsu shi ne mai basirar.

Shekaru huɗun da suka biyo baya na gwaje-gwaje ne. Sun yi wa fina-finai kiɗa. A faifan Atom Heart Mother na 1970 sun haɗa kai da masu busa ƙaho da ayarin mawaƙa a kiɗa guda mai tsawon minti 23, kuma shi ne faifansu na farko da ya zo na ɗaya a Birtaniya, ko da yake daga baya Waters da Gilmour duk sun kushe shi.

A kiɗan Echoes na faifan Meddle, a 1971, aka fara jin sautin da duniya ta san su da shi: tafiya a hankali, da ogan ɗin Wright a shimfiɗe a ƙasa, da jitar Gilmour mai jan amo kamar kuka. A shekarar ce aka ɗauki fim ɗinsu suna kiɗa a kufan tsohon dandalin Rumawa na Pompeii a Italiya, babu ɗan kallo ko ɗaya.

Faifan da ya sauya komai

A watan Maris na 1973 suka fitar da The Dark Side of the Moon, wato ɓangaren wata mai duhu. Waters ne ya rubuta dukkan baitocin, kuma sun taɓo abubuwan da ke danne ɗan Adam: shuɗewar lokaci, da kwaɗayin dukiya, da yaƙi, da tsoron mutuwa, da taɓin hankali.

Faifan yana buɗewa da sautin bugun zuciya, yana rufewa da shi. A tsakani akwai ƙarar agogo, da takun mai gudu, da muryoyin ma'aikatan ɗakin naɗar sauti na Abbey Road suna amsa tambayoyin da aka rubuta musu a kati. Waƙar Money an gina ta ne a kan ƙarar tsabar kuɗi da injin karɓar kuɗi na kanti, bugunta kuma bakwai-bakwai ne, maimakon huɗu-huɗun da aka saba ji a kiɗan rok.

Wata mawaƙiya, Clare Torry, ta rera wani sashe da murya zalla babu kalma ko ɗaya. Fam 30 aka biya ta. Sai a 2005, bayan ta shigar da ƙara, aka amince a sanya sunanta cikin masu waƙar.

Faifan ya yi makonni 741 a jerin faya-fayan da aka fi saye na mujallar Billboard ta Amurka tsakanin 1973 da 1988, an kuma sayar da kwafi fiye da miliyan 45. Masu sharhi da dama na ganin a nan ne aka sami daidaito tsakanin baitocin Waters da kiɗan Gilmour da Wright, daidaiton da bai wuce faifai ɗaya na gaba ba.

Wannan faifai na gaba shi ne Wish You Were Here na 1975, wanda babban kiɗansa juyayin Barrett ne. Suna cikin aikinsa a watan Yuni sai ga wani mutum mai ƙiba ya shigo, ya aske kansa da girarsa tas. An ɗauki lokaci kafin su gane cewa Barrett ne.

Waters ya karɓe ragama

Daga nan kiɗan ya ƙara kaushi, baitocin kuma suka koma siyasa. Faifan Animals na 1977 ya kasa al'ummar Birtaniya gida uku, karnuka da aladu da tumaki, bisa misalin littafin George Orwell wanda Bala Abdullahi Funtua ya fassara zuwa Hausa da suna Gandun Dabbobi. Wajen ɗaukar hoton bangonsa, wani ƙaton balan-balan mai siffar alade ya tsinke daga tashar lantarki ta Battersea, ya kawo cikas ga jirage a filin Heathrow, kafin ya faɗa wata gona a yankin Kent.

A watan Yulin shekarar, a wani wasa a Montreal da ke Kanada, Waters ya fusata ya tofa wa wani ɗan kallo yawu. Ya ce abin da ya yi ya firgita shi, kuma daga nan ne ya sami tunanin gina katanga tsakaninsa da jama'a.

Sakamakon shi ne The Wall na 1979, labarin wani mawaƙi da ya killace kansa bayan ya tashi maraya. Mahaifin Waters ya mutu ne a fagen daga a Anzio da ke Italiya a 1944, ɗan nasa yana da wata biyar. A wasannin faifan, akan gina katanga ta tubalan kwali a hankali har ta rufe makaɗan baki ɗaya, sannan a rushe ta a ƙarshe.

Waƙar Another Brick in the Wall, wadda 'yan makaranta suka yi wa amshi, suka ce ga azzaluman malamai. Ta zo ta ɗaya a Birtaniya da Amurka. A 1980 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta ta, bayan ɗalibai masu ƙaurace wa azuzuwa sun riƙa rera ta a zanga-zanga.

A cikin gida kuwa zumunci ya lalace. Waters ya tilasta wa Wright ficewa, aka ci gaba da aiki da shi a matsayin ɗan haya mai albashi. Wani abin mamaki shi ne, da yake wasannin sun yi asara, Wright kaɗai ne a cikin huɗun ya sami riba. Faifan The Final Cut na 1983, mai sukar Margaret Thatcher da yaƙin tsibiran Falkland, kusan aikin Waters ne shi kaɗai.

Shari'a kan suna

Waters ya bar ƙungiyar a ƙarshen 1985, yana mai imanin cewa ta mutu ke nan. Da Gilmour da Mason suka ce za su ci gaba, sai ya garzaya Babbar Kotun Landan a 1986 domin ya hana su amfani da sunan. An sasanta a wajen kotu a watan Disamban 1987: su suka riƙe sunan, shi kuma ya riƙe haƙƙin The Wall, wanda ya gabatar a birnin Balin a 1990 bayan faɗuwar katangar birnin. A wata hira da BBC a 2013 ya amince cewa bai kyauta ba da ya kai su ƙara.

A hannun Gilmour, kiɗa ya sake rinjayar baiti. Wright ya dawo, aka fitar da A Momentary Lapse of Reason a 1987 da The Division Bell a 1994. Filayen wasa sun cika maƙil, amma masu suka sun ce sautin na nan, kaifin maganar ne ya tafi da Waters.

Mutanen huɗu sun sake haɗuwa sau ɗaya tak, bayan shekara 24, a ranar 2 ga Yulin 2005 a dandalin Hyde Park, a gangamin Live 8 da Bob Geldof ya shirya domin matsa wa ƙasashe takwas masu ƙarfin tattalin arziki lamba kan talauci da basussukan Afirka.

Barrett ya mutu a Kambirij a 2006 yana da shekara 60, bayan fiye da shekara 30 yana gudun jama'a. Wright ya mutu da cutar daji a 2008. Daga ragowar kiɗan da aka naɗa da shi aka haɗa The Endless River a 2014, faifan da kusan babu waƙa a cikinsa.

Siyasar duniya ta ƙara raba Waters da Gilmour. Waters ya ziyarci katangar da Isra'ila ta gina a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan a 2006, daga baya ya shiga gangamin ƙaurace wa Isra'ila. Masu sukarsa na zarginsa da ƙyamar Yahudawa, zargin da yake musantawa. A 2022 Gilmour da Mason suka fitar da waƙa da sunan Pink Floyd domin tallafa wa Yukren, a 2023 kuma Waters ya yi jawabi ga Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya bisa gayyatar Rasha.

A 2024 Gilmour ya ce ba zai sake hawa dandamali ɗaya da Waters ba. A watan Oktoban shekarar, rahotanni suka ce kamfanin Sony ya sayi haƙƙin faya-fayan ƙungiyar da na amfani da sunanta a kan kimanin dala miliyan 400, yayin da haƙƙin rubuta waƙoƙin ya ci gaba da zama a hannun marubutansu.