Tarihin makulli a zuciyar manhajar kwamfuta

Zuciyar manhaja ita ke raba wa ayyuka lokaci, kuma tana iya tsayar da ƙaramin aiki don babba ya wuce. Haɗarin yana nan idan aka tsayar da shi yana tsakiyar sauya bayanan da wasu ma ke taɓawa. Maganinsa makulli ne, kamar layin dogo guda da ya ratsa Sabon Garin Zariya: jirgi ɗaya ke hawa, sauran su jira. Edsger Dijkstra na Holan ya fito da dabarar. Wasu na kai ta 1962, amma rubutunsa na 1965 ne abin dogaro.

Makullin ya zo da tasa cutar. Lampson da Redell sun bayyana ta a 1980, Sha da abokansa suka tsara maganinta a 1990, amma sai da ta kama kumbon Pathfinder, wanda ya sauka duniyar Mars ranar 4 ga Yuli 1997, aka ɗauke ta da gaske. Kwamfutarsa, mai manhajar VxWorks, ta riƙa kashe kanta tana tashi. Ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ne ya riƙe makulli, matsakaitan ayyuka suka hana shi ƙarasawa, babban aiki mai rarraba bayanai ya tsaya jira har lokacinsa ya ƙure, aikin da ke gadin kwamfutar ya sake tayar da komai. Injiniyoyin JPL, masu kula da kumbon, suka maimaita matsalar a kan tagwayen kumbon a ƙasa, suka aika gyara: duk mai riƙe da makulli ya ari matsayin wanda ke jiransa har ya saki. Labarin da ya fi yawo na Mike Jones ne, wanda ji ya yi a taro; na Glenn Reeves, jagoran masu manhajar kumbon, shi ya fi cancanta a bi.

Zuciyar manhajar Linux, da ke cikin kowace wayar Android da ake gyarawa a Sabon Gari, ta ɗauki ƙaton makulli guda a 1996, ba ta rabu da shi ba sai 2011. Gyaran PREEMPT_RT na su Ingo Molnar da Thomas Gleixner, wanda ya faɗaɗa aron matsayi a makullan Linux, ya yi kusan shekara 20 a gefe kafin ya shiga siga ta 6.12 a 2024. Ɗalibin injiniya a Samaru da ya buɗe manhajar FreeRTOS zai tarar makullinta yana da aron matsayi.