Bayan Faɗa Sai Me? Littattafan Yara Masu Zane da Batun Rarrashi a Karkarar Kano

Daga Ungogo zuwa Minjibir, Ɗambatta da Bichi, gona na manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta. A wannan yanki, wanda Michael Mortimore ya nazarci tsarin nomansa tun shekarun 1960, yaro yana tashi ne cikin aiki: kiwo, kai taki gona, ɗebo ruwa, talla. Mai aiki kuwa ba ya rasa kuskure. Akuya ta faɗa gonar maƙwabci, ko kuɗin talla su salwanta, sai faɗa, wani lokaci har da bulala. Wannan maƙala tana ganin littattafan yaranmu sun ƙware wajen nuna laifi da hukunci, amma sun bar abin da ya fi damun yaro: shin har yanzu ana son sa?

Abin da muka gada, daga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta shekarun 1930 zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ya fi karkata ga hikima da gargaɗi. A tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, mai ladabi ta samu arziki, marar kunya ta gamu da sakayya, labari ya ƙare. Da wuya a ga uwa da ɗa sun ɓata sun kuma shirya. Littattafan koyon karatu na baya-bayan nan, irin na shirin RANA da aka gudanar a Katsina da Zamfara, babban burinsu shi ne yaro ya iya haɗa baƙi da wasali.

Wani zai ce a fassaro na Turawa mana. Matsalar ita ce yawancinsu a kan furuci aka gina su: uwa ta rungumi ɗa, ta faɗa masa da baki irin son da take masa. A gidan Bahaushe kuwa akwai alkunya. Baba ta Karo, a tarihinta da Mary Smith ta wallafa a 1954, ta bayyana yadda uwa ke kawar da kai daga ɗan fari, ba ta ko kiran sunansa. Rarrashi yakan biyo ta hannun kaka, ko goggo, ko kwanon tuwon da aka rufe aka ajiye wa wanda ya yi fushi. Littafin da ya sa uwar ƙauye tana irin furucin Turawa zai zame wa yaro baƙo.

A nan ne zane ya fi rubutu amfani, domin yana nuna abin da baki ke jin nauyin faɗa. Ko a Amurka, shahararren littafin Maurice Sendak na 1963 haka ya yi: an kora yaro ɗaki ba abinci, daga baya ya tarar an ajiye masa, uwar kuwa ba ta fito ko a shafi ɗaya ba. Mai zane a Kano na iya nuna uwar da ta yi faɗa da rana tana lulluɓe yaron da zanenta da dare, ko uban da ya dawo daga kasuwar Ɗambatta da rake bai ce uffan ba.

Sai dai ba kowane shiru yaro ke iya fassarawa ba. Ɗan riƙo, da wanda aka saki uwarsa, da wanda aka tura almajiranci bayan kaka, suna iya ɗaukar kawaici a matsayin ƙi. Addini ma bai goyi bayan ɓoye tausayi gaba ɗaya ba: Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan, ya kuma gargaɗi Aƙra'u ɗan Habis da ya ce bai taɓa sumbatar 'ya'yansa goma ba. Saboda haka littafin da ake buƙata shi ne wanda zai bar uwa da alkunyarta, ya sa kaka ko yaya ta warware wa yaro ma'anar abin da ya gani.

Marubutan Kano sun cika kasuwa da littattafan soyayyar samari tun shekarun 1980. Ya rage gare su, da masu zane, da hukumar ilimin firamare ta jiha, su samar da irin wannan littafi da araha, su fara gwada shi a gaban iyaye mata a ƙauyuka kafin a kai shi maɗaba'a.