Tarihin Farfesoshin Kimiyyar Kwamfuta da Sauyin Bincikensu

Koyar da kimiyyar kwamfuta a jami'a sana'a ce ta baya-bayan nan, domin ba ta kai shekara ɗari ba. Malamanta na farko babu wanda ya karanta fannin a makaranta, saboda a lokacin ɗalibtarsu ba a kafa shi ba. Masana lissafi ne da injiniyoyin lantarki da masana fiziks, waɗanda aikin na'ura ya janyo su, suka gina fannin da hannunsu sannan suka zauna koyar da shi. Wannan asali shi ya sa har yau bincike a fannin yake da fuska biyu, ta lissafi da ta injiniyanci.

Tushen ya faro ne daga Ingila. A 1936 Alan Turing, masanin lissafi a Cambridge, ya wallafa maƙalar da ta fayyace abin da na'ura za ta iya lissafawa da abin da ba za ta taɓa iyawa ba, tun kafin a ƙera na'urar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jami'o'i suka shiga ƙira. A Manchester, Freddie Williams da Tom Kilburn sun haɗa na'urar da ta fara aiki da umarnin da aka adana a cikinta a watan Yunin 1948. A Cambridge kuma Maurice Wilkes ya jagoranci ƙera EDSAC, wadda ta fara aiki a watan Mayun 1949. A 1953 Cambridge ta buɗe difloma ta shekara guda a kan lissafi da na'ura, wadda ake ƙirgawa a matsayin kwas na farko a fannin. Damuwar malaman wannan zamani ɗaya ce: yadda za a sa na'ura ta riƙe bayanai, ta kuma yi aiki na sa'o'i ba tare da ta tsaya ba.

Duk da haka sana'ar ba ta da suna a hukumance. Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya ba da labarin cewa da zai yi aure a Amsterdam a 1957, ya rubuta cewa sana'arsa rubuta umarnin kwamfuta ce, sai jami'ai suka ƙi karɓa bisa hujjar babu irin wannan sana'a. Dole ya rubuta fiziks, wanda shi ne abin da ya karanta. Bayan shekara biyu ya wallafa hanyar gano tafarki mafi gajarta tsakanin wurare, wadda ake koyar da ita a kowane sashen kwamfuta a yau. Da ya samu kujerar farfesa a Eindhoven a 1962, ta lissafi aka ba shi.

Shekarun 1960 ne fannin ya samu gidan kansa, bayan ya daɗe yana zaman agola a sassan lissafi da na injiniyanci. Jami'ar Purdue ta kafa sashen kimiyyar kwamfuta na farko a Amurka a 1962, ƙarƙashin Samuel Conte. Manchester ta kafa nata a 1964 da Kilburn a kan gaba. A 1965 George Forsythe ya buɗe na Stanford, Alan Perlis kuma ya shugabanci na Carnegie a Pittsburgh. A shekarar ce aka fara ba da digirin digirgir da sunan fannin a Amurka, kuma cikin waɗanda suka fara karɓa akwai Mary Kenneth Keller, 'yar ɗarikar Katolika da ta yi karatu a Wisconsin, wadda ta koma ta kafa sashen kwamfuta a Kwalejin Clarke. Kafa sassan bai kashe gardama ba. Wasu malaman sun ce babu kimiyyar da za a gina a kan kayan aiki, har sai da Perlis da Allen Newell da Herbert Simon suka rubuta wasiƙa a mujallar Science a 1967 suna kare fannin. Ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, wadda aka kafa a 1947, ta fara ba da lambar yabo ta Turing a 1966, Perlis ne ya fara karɓa, sannan a 1968 ta fitar da manhajar karatun digirin farko da jami'o'i da dama suka ɗauka.

Da sassa suka tsaya da ƙafarsu, sai bincike ya rabu rassa. Reshe na farko shi ne na nazari tsantsa. Donald Knuth, wanda ya yi digirin digirgir a lissafi a Caltech a 1963, ya fitar da juzu'in farko na littafinsa The Art of Computer Programming a 1968, inda ya nuna yadda ake auna saurin kowace hanyar warware matsala da ƙa'idar lissafi. Da ingancin bugun littafin ya daina gamsar da shi, sai ya shafe shekaru yana haɗa TeX, manhajar da masana lissafi suke tsara rubutunsu da ita har yanzu. Stephen Cook kuwa sashen lissafi na Berkeley bai tabbatar da shi a aiki ba a 1970, ya koma Toronto a Kanada, kuma a shekarar da ta biyo baya ya gabatar da maƙalar da ta haifi tambayar P da NP. Tambayar ita ce ko duk matsalar da ake iya tantance amsarta da sauri ana iya warware ta da sauri. Har yau ba a amsa ta ba, kuma tun 2000 Cibiyar Clay ta ware dala miliyan ɗaya ga wanda ya amsa.

Reshe na biyu shi ne na gina tsare-tsaren da ake aiki da su. Daga ɗakin binciken Leonard Kleinrock a UCLA aka aika saƙon farko na ARPANET, kakar intanet, ranar 29 ga Oktoban 1969, da kuɗin ma'aikatar tsaron Amurka. Barbara Liskov, wadda ta kammala digirin digirgir a Stanford a 1968 ta kama aiki a MIT a 1972, ta shimfiɗa ƙa'idojin rarraba babbar manhaja zuwa sassan da kowanne yake ɓoye sirrin aikinsa. A 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka fito da tsarin RSA na kulle saƙo a MIT. A farkon shekarun 1980 David Patterson a Berkeley da John Hennessy a Stanford suka nuna cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sauƙaƙan umarni ta fi sauri, kuma a kan wannan tunani aka gina mafi yawan ƙwaƙwalen wayoyin hannu.

Reshe na uku, wato ƙirƙirarriyar basira, shi ya fi shan faɗi-tashi. John McCarthy da Marvin Minsky da abokansu sun yi taron Dartmouth a 1956 da kyakkyawan zaton cewa na'ura za ta yi tunani nan kusa. Da alƙawuran ba su cika ba, rahoton Lighthill na 1973 ya sa gwamnatin Birtaniya ta rage tallafi, fannin ya shiga fari. Geoffrey Hinton yana cikin 'yan tsirarun da suka ci gaba da nazarin na'urar da take koyo ta hanyar kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a Toronto tun 1987. A 2012 shi da ɗalibansa biyu suka lashe, da tazara mai yawa, gasar gane hotuna ta ImageNet, wadda aka gina a kan tarin hotunan da Fei-Fei Li ta jagoranci tarawa. Hinton ya karɓi lambar Turing ta 2018 tare da Yann LeCun da Yoshua Bengio, sannan ya samu kyautar Nobel ta fiziks a 2024.

Matakan aikin farfesa a fannin sun yi kama da na sauran fannoni. A Amurka mai digirin digirgir yakan fara a matsayin mataimakin farfesa, bayan kamar shekara shida a duba aikinsa, ko a tabbatar da shi ko ya nemi wani wuri. Bambancin fannin shi ne manyan sakamakon bincike a tarukan masana ake gabatar da su fiye da mujallu, saboda saurin sauyin al'amura. Wannan ya sha jawo saɓani da kwamitocin ƙarin girma, har ƙungiyar masu binciken kwamfuta ta CRA ta fitar da takarda a 1999 tana neman a riƙa ba maƙalun taro da manhajojin da aka gina nauyin da ya dace da su.

A Najeriya ma ta ƙofar lissafi fannin ya shigo. Kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan a 1963, kuma cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978.

Babban abin da ke fuskantar sana'ar a yau shi ne dangantakarta da kamfanoni. Google ta fito ne a 1998 daga aikin ɗaliban Stanford biyu, kuma a 2013 Hinton ya kama aiki da Google, LeCun kuma da Facebook. Binciken ƙirƙirarriyar basira yana buƙatar manyan na'urori da tarin bayanan da kamfanoni suka fi jami'o'i mallaka, ga albashin da jami'a ba ta iya biya. Saboda haka farfesoshi da yawa suna raba lokacinsu tsakanin aji da kamfani, jami'o'i kuma suna ƙara karkata ga ayyukan da suka fi dacewa da su, wato horar da sababbin masu bincike da nazarin tambayoyin da amsarsu take ɗaukar shekaru.