Gidan Gajiyayyu na Shahuci da Waɗanda Suka Riga Shi

A Shahuci, ba nisa da Asibitin Murtala da Kasuwar Rimi, akwai gidan da Kanawa ke kira Gidan Gajiyayyu. Gwamnatin jiha ke riƙe da shi, ana tsugunar da tsofaffi da naƙasassun da ba su da mai ɗaukar nauyinsu. Amma in aka auna shi da shekarun ganuwa, gidan baƙo ne na jiya-jiya.

Birni yana da nasa tsarin tun kafin zuwan Turawa a 1903. Tsohuwa takan ƙare kwanakinta a ɗakinta, cikin gidan gandu, jika na kai mata koko da safe, suruka na ɗumama mata ruwan alwala lokacin hunturu. Wanda kuwa lalura ta raba da sana'a, sarauta ce ke tattara shi. Makafi suna da unguwarsu a Dala, da Sarkin Makafi mai sasanta rigima da raba abin da aka samu. Kutare da guragu ma kowa da sarkinsa. Ranar Juma'a a fito ƙofar masallaci, bayan girbi a jira zakkar hatsi. Ba a rasa wulaƙanci a cikin wannan tsari ba, kada mu yi masa kwalliyar da ba tasa ba, sai dai mutum yana zaune cikin jama'arsa, da aure da suna da zumunci.

Killace mabuƙaci a gida na musamman, da ma'aikata da rajista, ya shigo ne da mulkin mallaka. A shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi kula da masu cutar kuturta a Yadakunya, can wajen gari. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aikin jin daɗin jama'a ya koma hannun ma'aikatun gwamnati, yau ga gidan marayu na Nasarawa, ga cibiyar Mariri, ga na Shahuci a tsakiyar birni.

Har gobe Bakano ba ya kai mahaifinsa gidan gajiyayyu. Unguwa ba za ta bar shi ya sha ruwa ba. Shi ya sa galibi wanda za ka tarar a can shi ne wanda dangi suka ƙare masa, ko wanda ya zo ci-rani tun da ƙuruciya, ƙarfi ya tafi, hanyar gida ta ɓace. Da gwamnatin Kwankwaso ta hana bara a titi a 2013, ta Ganduje ta sake hanawa a 2020, tambayar ina za a kai mabaratan ta faɗo kan irin waɗannan gidaje.

Da azumi motoci kan yi layi a ƙofa, buhunan shinkafa, taliya, atamfa, masu ɗaukar hoto na biye. Bayan Sallah sai ƙafa ta ɗauke, a bar ma'aikata da kason gwamnati har watan azumi ya zagayo.