Muryar Masu Kamfanoni a Kunnen Gwamnati

Tun 1888 manyan 'yan kasuwar Legas suka kafa majalisar ciniki, don kai kukansu ga hukuma da baki ɗaya. A 1957 aka kafa NECA, ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata, wadda har gobe da ita ake cinikin mafi ƙarancin albashi.

Ba kullum haƙarsu ke cimma ruwa ba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗaga kason da kamfani ke zuba wa ma'aikaci daga kashi 7.5 zuwa 10 cikin ɗari, kuma hakan ya yi daidai.

A Mayun 2024 kuwa, da Babban Banki ya umarci a riƙa cire harajin tsaron intanet na kashi 0.5 daga kuɗin da aka tura, masu kamfanoni da 'yan ƙwadago suka yi masa caa. Kafin watan ya ƙare aka janye umarnin.