Lamba 2⁵²¹ − 1: Daga Injin SWAC zuwa Ma'aunin Sirrinta Saƙo na Amurka

Masana lissafi suna kiran lamba "marar rabuwa" idan babu abin da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. A cikin wannan jinsi akwai dangin Mersenne, sunan da suka gada daga malamin coci ɗan Faransa, Marin Mersenne, wanda ya fitar da jerinsu a 1644. Siffarsu ita ce 2ᵖ − 1. Sharaɗi ne p ta kasance marar rabuwa, sai dai sharaɗin bai wadatar ba, domin 2¹¹ − 1, wato 2047, daidai take da 23 sau 89.

Ta goma sha uku a wannan dangi ita ce 2⁵²¹ − 1, mai gurbi 157. Tarihinta yana ɗaure da wata hukuma guda, Hukumar Ma'auni ta Ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a birnin Washington a 1901. A 1950 hukumar ta kammala kwamfutoci biyu: SEAC a Washington, da SWAC a cibiyarta ta Los Angeles. A kan SWAC ne Raphael Robinson ya aza gwajin Lucas da Lehmer. Ana farawa da 4, a ninka lambar da kanta, a debe 2, a riƙe ragowar rabawa da 2ᵖ − 1, a yi ta maimaitawa sau p − 2. Idan an ƙare da sifili, lambar marar rabuwa ce. Ranar 30 ga Janairu, 1952, bayan zagaye 519, sifili ya fito. Tun 1876, lokacin da Édouard Lucas ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1, ba a sami wadda ta fi ta girma a dangin ba.

A wancan lokaci babu wanda ya nemi amfaninta. Amfanin ya bayyana bayan kusan rabin ƙarni, hukumar ta riga ta koma Gaithersburg a jihar Maryland, ta kuma sake suna zuwa NIST a 1988. A ƙidayar kwamfuta, wadda ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, lambar jerin ɗaya ce har guda 521. Saboda haka fitar da ragowa bayan rabawa da ita ba ya bukatar doguwar rabawa: a yanke sakamakon gida biyu, a tara. Wannan sauƙi ne ya shigar da ita ƙa'idar sa hannu ta kwamfuta, FIPS 186-2, ta shekarar 2000, a matsayin tushen lanƙwasar P-521.

Abin lura shi ne babu lambar Mersenne marar rabuwa tsakanin 127 da 521. Wannan giɓi ne ya sa sauran lanƙwasai huɗu, P-192, P-224, P-256 da P-384, suka dogara da wani aji mafi faɗi, wanda Jerome Solinas na hukumar tsaro ta NSA da ke Fort Meade ya bayyana a 1999.

Bayan tonon sililin Edward Snowden a 2013, shakku ya shiga game da hannun NSA a ƙa'idojin NIST, har aka janye tsarin Dual_EC_DRBG a 2014. Wasu masana sun tuhumi yadda aka zaɓi wasu ƙididdigan lanƙwasan, tunda ba a bayyana asalinsu ba. Tuhumar ba ta kai ga 2⁵²¹ − 1 ba. Siffarta a fili take, an san ta tun kafin a ƙirƙiro wannan fanni na sirrinta saƙo, kuma ɗalibi a Zariya ko Maraɗi zai iya maimaita gwajin Robinson a kwamfutarsa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.